Baƙa Ce, Ba Bako Ba

Minna,
Ranar Talata, bayan la'asar.

Zuwa ga 'yata Asma'u, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya. Allah ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a masauki, ya haɗa ki da mutanen kirki a inda za ki. Na cusa ta ne a ƙasan akwatinki, ƙarƙashin farar rigar aikin nan da Ummanki ta goge har sau biyu, don na san ba za ki taɓa rigar ba sai kin isa Zariya. Da na miƙa miki ita a tasha, da kin buɗe tun jirgi bai bar Minna ba, ki dube ni ta taga, ni kuwa ba zan iya jure wannan kallon ba.

Ba ni da labarin gida da zan ba ki, tunda ke ma daga gidan kika fito. Magana ɗaya ce ta sa na ɗauki biro. Akwai wani mutum mai suna Bako, manomi daga wani ƙauye a gefen Wushishi, yau shekararsa tara a kurkuku kan kisan da bai yi ba. Na san bai yi ba tun ranar da gawar ta shigo hannuna, kuma na yi shiru. Ko ya fito ko ya mutu a can, abin ya rataya ne a kan bakina da sa hannun malamin da za ki koyi aiki a wurinsa, Dakta Isiyaku. Zan zo kan wannan a hankali. Ki yi haƙuri da ni, tsoho ba ya shiga maganar kunya ta ƙofar gaba.

Kin san ni a matsayin Sallau na mutuware, mai kula da ɗakin ajiye gawa a asibitinmu. Abin da ba ki sani ba shi ne, ni da Isiyaku benci ɗaya muka zauna a firamare. Ubana da ubansa duk ma'aikatan reluwe ne, gidajenmu katanga ɗaya a Sabon Gari. Ni ne na ɗaya a aji, shi kuwa idan ya zo na biyar uwarsa sai ta yi masa waina. Ni nake yi masa lissafi a bayan tsohon tarago. Sai mahaifina ya rasu, ni ne babba, na bar makaranta na nemi aiki. Shi ya wuce sakandare, ya wuce jami'a. Bayan an ba mu jihar Neja, aka faɗaɗa asibiti, wata safiya ina wanke tebur sai ga shi ya shigo da farar riga, an ce ga sabon likitan da zai riƙa binciken gawa idan 'yan sanda ko kotu sun nema. Ya rungume ni, ya ce ya yi murna da zai yi aiki da ɗan'uwansa. Na yi dariya na taya shi murna, amma ranar ban ci abincin rana ba.

Shekara da shekaru ina kiran abin da ke damuna kishin aiki. Na ce ai ina kishin aikina ne, ba na son a ɓata shi. Ƙarya nake yi wa kaina, Uwata. Hassada ce tsagwaronta. Ni nake buɗe gawa, ni nake ɗinkewa, ni nake sanin abin da ya kashe mutum tun kafin ya gama sa safar hannu, amma a ƙasan rahoto sunansa ake gani. Alƙali ba ya tambayar abin da Sallau ya gani. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya, bari in faɗe ta duka: ke ma ina ƙyashinki. Ranar da kika dawo kina cewa “Baba Likita ya ce zai ɗauke ni sashensa,” sai da sunan ya ba ni haushi. Ni na riƙe hannunki na koya miki sunayen ƙasusuwa da ƙashin ragon layya, amma shi ne Baba Likita. Ina alfahari da ke har ban san inda zan sa kaina ba, kuma a lokaci guda ina jin zafin za ki sami abin da na rasa daga hannun mutumin da ya riga ni samu.

Wannan ciwon ne ya jefa ni cikin kurakurai, ƙanana kafin babban. Na farko, wata rana aka kawo wani dattijo da aka tsinta a mace a shagonsa. Isiyaku bai iso ba tukuna, sufeto ya tambaye ni ko zan iya cewa yaushe ya rasu. Na ɗaga hannun gawar na ji ya sandare gaba ɗaya, har ƙafa. Sai na gyara murya na ce ai wannan ya kwana, tun jiya ya cika. Sufeto ya rubuta, har ya fara tambayar wa ya shiga shagon jiya. Da Isiyaku ya zo bai taɓa gawar ba sai da ya tambayi inda aka same ta. Aka ce shagon kwano ne, ƙofa a rufe, ga shi ana tsakiyar bazara. Ya auna zafin jikin da ma'auni, ya ce zafi yana sa gawa ta sandare da wuri, kuma ta saki da wuri, don haka zai iya cewa tsakanin hantsi zuwa azahar ne kawai, ba zai iya tsayar da sa'a ba. Daga baya mai shayi ya ce shi ya kai wa dattijon shayi da safiyar nan. Don haka ki ji: gawa ba agogo ba ce. Ki tambayi inda ta kwanta, rana ko inuwa, da tufafi ko babu, kafin ki buɗe baki. Kuma duk lokacin da kika ji kina ɗokin ba da amsa kafin wani ya iso, ki tsaya ki tambayi kanki wa kike son burgewa.

Na biyu ya fi wannan muni. Kin san mutanenmu da gaggawar suturta mamaci, kuma gaskiyarsu ce, addini ne. An kawo wani matashi da ake zargin shaƙe shi aka yi. Danginsa suka cika tsakar asibiti, babban cikinsu ya kama hannuna yana cewa, “Likita, a taimaka mana, a bar mu mu yi masa wanka kafin azahar.” Da sunan Likita ya kira ni. Ban gyara masa ba, sai ma na ji kaina ya yi girma, na ce su shiga su yi wankan, bincike ya biyo baya. Suka wanke shi tas, har ƙarƙashin farce. Wanda ake shaƙewa yakan yaƙushi mai shaƙe shi, fata da jini su maƙale a farcensa, wani lokaci har da zaren riga. Duk wannan ya bi ruwa ya tafi kwata. Isiyaku bai yi mini faɗa a gaban mutane ba, ya kira ni gefe ya yi mini magana a hankali, kuma wallahi wannan tausasawar ta fi ƙona mini rai. Ki girmama masu makoki, ki yi aikinki da sauri don su samu su binne nasu a kan lokaci, ki bayyana musu dalili da harshen da suke ji. Amma ruwa ba ya taɓa gawar bincike sai kin duba tufafi, kin duba hannu da farce, kin rubuta. Kuma kada sunan da aka kira ki da shi ya yanke miki hukunci.

Akwai ma wata rigar masunci da aka tsamo daga madatsar Tagwai, na ƙulle ta jiƙe a leda na ajiye, bayan mako biyu aka buɗe ta a gaban ɗan sanda ta yi fumfuna, tabon da ake nema ya ɓace. Kayan shaida a shanya su a inuwa su bushe, a sa a takarda, a rubuta sunan mai su da ranar da wanda ya karɓa. Wannan kam jahilci ne kawai, ban da wata manufa, shi ya sa ba ya hana ni barci.

To, ga maganar Bako.

Farkon damina ne, da hantsi, aka kawo wani manomi mai suna Tanko a bayan akori-kura. Masu wucewa ne suka tsince shi a fadama, ciki a huje ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da sauran numfashinsa. Babu mai tura gado a kusa, sai ni na kama, wani kofur na 'yan sanda yana biye da mu da littafinsa yana tambayar wa ya yi masa haka. Tanko ba Bahaushe ba ne, Hausar kasuwa yake yi irin wadda kika saba ji a nan. Ya buɗe ido, murya can ƙasa, ya ce:

“Baka ya buga ni.”

Kofur ɗin baƙo ne a garin nan, Hausarsa ma ba ta kai ta Tanko ba. Ya sake tambaya, Tanko ya sake faɗa, daga nan bai ƙara magana ba har ya cika kafin a kai shi ɗakin tiyata. Da kofur ya tambayi waɗanda suka kawo shi ko akwai mai suna haka, suka dubi juna suka ce akwai Bako, maƙwabcin gonarsa, kuma jiya-jiya sun yi cacar baki kan iyaka a gaban jama'a, har Bako ya ce za a gani. Aka je aka tarar da Bako a gonar da dagi a hannu, wannan dogon ƙarfe mai tsini, yana haƙa ramukan kafa iyaka. Kofur ya rubuta cewa mamaci ya ambaci Bako da bakinsa kafin ya mutu.

Ni a lokacin ban kawo komai a raina ba. Sai da na fito ɗebo ruwa na tarar da matar Tanko zaune a gindin dalbejiya tana kuka, tana lissafa abin da ya bar mata. A ciki na ji ta ce:

“Baka ya haihu kwana uku, wa zai duba shi yanzu?”

Na tsaya da bokiti a hannu. Na tambaye ta wane ne ya haihu, ta ce saniyarsu ce, baƙa, haka suke kiranta. Uwata, ke da kika tashi a Sabon Gari kin san yadda maƙwabtanmu ke magana. Ba sa lanƙwasa ƙa, ka suke cewa, kuma mace da namiji duk “ya” ne a bakinsu. Tanko cewa ya yi Baƙa ta buge shi. Saniya mai ɗanyen jego, ya je fadama shi kaɗai da sassafe ya taɓa ɗan maraƙinta. Kofur ya ji “ya”, sai kunnensa ya nemo namiji, ya kuwa samu.

Na koma ciki na tuɓe wa gawar riga a hankali. A bakin yagar rigar na ga gashi gajere, baƙi, mai kauri, wanda ba na mutum ba. Na duba raunin. Bakinsa a yage yake, gefensa a goge, ba irin hujin ƙarfe ba. Haƙarƙari biyu sun karye a gefe, wurin da goshin dabba zai daka. A baƙar fata ƙurma, wato shatin duka, ba ya nuna kansa kamar yadda yake a hotunan littattafanku, sai an tsaga fata an ga jinin da ya kwanta a ƙasa, kuma da na latsa na san yana nan, faɗin tafin hannu biyu. Da muka buɗe, hanyar raunin daga ƙasa ta tashi sama zuwa hanta, kuma a ciki ta rabu biyu, kamar abin da ya shiga ya juya kafin ya fita. Mutum a tsaye idan ya soki wani da dagi, daga sama yake saukowa ƙasa, hanya ɗaya. Ƙaho ne ke shiga daga ƙasa ya yi sama, saniya ta girgiza kai. Ni na yi shekaru ina ganin makiyaya da mahauta da shanu suka soka. Isiyaku a lokacin bai taɓa ganin ko ɗaya ba, kuma ya riga ya karanta takardar kofur kafin ya ga gawar.

Ɗakin a cike yake ranar, ga sufeto, ga ɗaliban jinya guda huɗu da aka kawo su kallo. Wutar lantarki ta ɗauke, ina riƙe da tocila. Na buɗe baki na ce, “Isiyaku, duba nan,” na manta ban ce Likita ba. Bai ɗago ba. Ya ce:

“Sallau, riƙe tocilar daidai, shi ne aikinka yanzu.”

Ɗaya daga cikin ɗaliban ta yi 'yar dariya ta rufe baki. Wataƙila ma ba da wata manufa ya faɗa ba, hasken ne ya kauce. Amma ni na ji kamar ya tuɓe ni a kasuwa. Na ce a raina, to shi ke nan, aikina tocila. Na riƙe ta daidai, na tsuke bakina. Ya auna raunin da tef, ya zana shi, ya rubuta, a ƙarshe ya ce raunin ya yi daidai da na ƙarfe mai tsini kamar dagi, ya sa hannu. Bayan kowa ya fita na tsince gashin nan da matsefata na zuba a ambulan na sa a aljihu.

Kin san abin da na shirya? Na ce za a je kotu, lauyan Bako zai yi kaca-kaca da rahoton, likitan jami'a zai tsaya yana in'ina a gaban alƙali, sannan ni Sallau mai tocila in tashi in fito da ambulan. Har maganar da zan faɗa na tsara, ina maimaita ta a kan keke. Ban yi tunanin Bako ba ko sau ɗaya. A lissafina shi ba mutum ba ne, tsani ne da zan taka. Na je kotun na zauna a baya da ambulan a aljihu. Lauyan da aka ba shi bai yi wa Isiyaku tambaya ko ɗaya kan raunin ba. Ga maganar mamaci, ga rigimar iyaka, ga dagi, ga rahoton likita. Saniyar kuwa an sayar da ita tun kafin sadakar bakwai. Bako ya yi ta rantsuwa da yarensu, tafinta yana juyawa a gajarce. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

A nan ne ya kamata in miƙe. Ban miƙe ba, domin yanzu tambayar da za a yi ba ta Isiyaku ba ce, tawa ce: ka sani tun yaushe? Na ce gobe zan je in same shi a ofis. Gobe ta zama mako, mako ya zama wata. Sai aka tura shi ƙaro karatu, ya dawo ƙwararre, ya koma Zariya, sunansa ya yi ta tashi. Duk lokacin da na ji ana yabonsa sai in taɓa ambulan ɗin nan a cikin akwatina in ji wani sanyi, in ce ai ni na san kuskurensa. Kin ga inda hassada ta kai ni. Mutum yana ruɓewa a kurkuku, ni ina ajiye da maganinsa don in riƙa jin na fi wani.

Abin da ya karya ni ke ce. Kwanan baya kina zaune a tsakar gida kina bita, kika karanta mini da ƙarfi cewa likitan kotu ba na 'yan sanda ba ne, ba na dangi ba ne, shaida ne na abin da ya gani. Kika ɗago kika ce ai ni kika fara gani ina aiki haka, shi ya sa kika zaɓi wannan fanni. Na ce zan je masallaci, alhali da sauran lokaci.

Makon jiya na nemi izini na je kurkukun. Aka fito mini da wani tsoho, haƙora sun zube, ido ɗaya ya yi fari, alhali a kotu ƙaƙƙarfan mutum na gani. Bai san ni ba. Na faɗa masa ko ni wane ne, na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon hannuna. Ya ce matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce, 'ya'yansa sun bar ƙauyen saboda ana kiransu 'ya'yan mai kisa. Sannan ya ce:

“Malam, kai ya ji da kunne, kai ya gani da ido. Ni me na yi maka?”

Na ce, “Ba ka yi mini komai ba. Ban ma san ka ba.”

Ya gyaɗa kai kamar wannan amsar ta fi kowace muni, kuma gaskiyarsa ce. Bai zage ni ba, bai ce ya yafe ba. Ya tambaya kawai ko zai fita. Na ce ban sani ba, amma zan yi abin da ya kamata in yi tun shekara tara.

Daga can na wuce wurin wani lauya na zube masa ambulan a tebur ina jin na kawo abin kirki. Ya buɗe ya duba, ya tambaye ni wa ya ga lokacin da na tsince shi, a wace rajista aka shigar, wa ya sa hannu, a ina ya kwana duk shekarun nan. Na ce a akwatina, tare da takardar haihuwarki. Ya mayar mini ya ce wannan gashin saniya ne kawai, ko a mayanka zan iya samo irinsa yau. Ki riƙe wannan da kyau. Abin shaida ba ya da daraja sai an san hannun da ya bi, daga wanda ya tsinta zuwa wanda ya ajiye zuwa teburin alƙali, kowa da sa hannunsa. Ranar da na sa shi a aljihuna na kashe shi.

Amma lauyan ya nemo kwafin rahoton, kuma a nan ne zan faɗi abin da ya fi yi mini wuyar faɗa. Isiyaku ya yi kuskure a hukuncinsa, amma bai yi ha'inci a abin da ya gani ba. Ya rubuta cewa raunin daga ƙasa ya tashi sama. Ya zana rabuwarsa biyu. Ya rubuta karayar haƙarƙari da faɗin ƙurman da tsawon komai. Duk yana nan da rubutunsa mai kyau da nake jin haushi tun muna yara. Lauya ya ce idan shi Isiyaku, da matsayinsa na yau, ya sake duba bayaninsa ya rubuta cewa wannan raunin ƙaho ne, ni kuma na rantse kan abin da na ji daga bakin Tanko da matarsa, akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Bai yi mini alkawari ba. Ya kuma ce in shirya, aikina zai iya tafiya, kuma za a yi mini tambayoyin da ba zan ji daɗinsu ba. To ki koyi wannan daga malaminki, ba daga ni ba: ki rubuta abin da idonki ya gani daban, abin da kike zato daban, domin zato yana iya rushewa a gyara shi daga abin da aka gani. Ki ga gawa kafin ki karanta takardar 'yan sanda. Idan mai mutuwa ya yi magana, a rubuta ta yadda ta fito daga bakinsa, harafi da harafi, a nemo wanda ya san yadda mutanensa ke magana. Kuma idan mai riƙe miki tocila ya ce “duba nan”, ki ɗago ki duba.

Ba zan ɗora miki kai saƙo ba, kayan nawa ne. Ranar Litinin mai zuwa, in Allah ya yarda, zan hau jirgi in zo Zariya da kaina. Sau biyu ina zuwa tasha a shekarun baya ina juyowa, shi ya sa na rubuta miki, don in na juya wannan karon akwai wadda za ta sani. Ki ce masa kawai Sallau yana tafe, ba gaisuwa ta kawo shi ba. Zan tsaya a gaban mutumin da na yi shekara talatin ina jin ni ya kamata in zauna a kujerarsa, in ce masa na ga kuskurensa na ɓoye don in ga ya faɗi. Ban san yadda zai dube ni ba. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ke za ki dube ni. Idan kin ga ba za ki iya tsayawa a ɗakin ba, ba zan riƙe ki a rai ba. Ummanki na faɗa mata jiya, ta yi kuka, ta ce in tafi.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya tsare idonki daga ganin abin da babu, ya tsare bakinki daga shiru a inda magana ta wajaba, ya raba zuciyarki da ciwon da ya ci tawa. Allah ya kare ki daga sharrin hanya da na masauki da na mutane, ya dawo mana da ke lafiya. Ki riƙe salla, ki ci abinci a kan lokaci, ki gaida masu masaukinki. Ki sa Bako a addu'a, Allah ya ba shi ran da zai ga waje.

A bayan wannan wasiƙa za ki ga wata takarda guda, kwafin bayanin da na rantse a kansa ne a gaban lauya. Ki duba ƙasanta. Tun ranar da na fara aiki a mutuware nake burin in ga sa hannuna a ƙarshen takardar da za a karanta a gaban alƙali. Ga shi nan na samu, kuma ita ce ta farko.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sallau